Malam Ladabi Ya Ƙi Gyaruwa

"…ya ƙarfin jiki kuma? Ko da yake me zan tambaya, ke da ko zazzaɓi ya leƙo ya ga fuskar nan sai ya ba da haƙuri ya koma."

"Jiki da sauƙi, tunda ban tashi da ganin kunnuwanka ba. Shigo da su a karkace, kada ka ɓalle min ƙofa."

"Ƙofar da ta girmi ubana? Ita da ke ban san wadda za a fara kaiwa gidan kayan tarihi ba."

"Ja'iri. Uban naka ma a bayan nan ya yi fitsari har ya gaji, balle kai. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Ba sa ba ku abinci ne a wurin aikin?"

"Tunaninki ne ya ramar da ni, amarya."

"Tunanina ko yunwa? Ni dai na faɗa maka, ba na auren mijin da iska za ta ɗauke min a hanya."

Kaka ke nan da jikanta, wanda tun yana rarrafe ta laƙaba masa Kunnuwa, sunan kuma ya bi shi har ya girma. A hawa na uku take, cikin wani dogon bene inda maƙwabta ke gaisawa da ka kawai in sun haɗu a matakala. Ɗaki ne da falo: gado, tebur mai ɗauke da farantin magunguna, sai taga guda mai kallon titi. A jikin bango, kusa da soket, wani mutum-mutumi na na'ura ne tsaye yana caji. Tsayinsa bai wuce ƙugu ba, fari ne sol, kansa kamar tukunya a kife, fitilu biyu ne idanunsa, a kan tayoyi yake yawo.

'Ya'yanta ne suka haɗa kai suka kawo mata shi daga kamfanin da Kunnuwa ke aiki, wai ya riƙa tuna mata shan magani, ya kuma taya ta hira. Da kyakkyawar niyya suka yi, wannan ba mai musu. Sai dai tun daga ranar wayarta ta koyi yin shiru. Mai kiran safiya ya koma kiran mako, mai kiran mako ya koma sai an tuna, kowa hankalinsa kwance, ai tsohuwa ta samu abokin hira. Mutum ɗaya ne ƙafarsa ba ta ɗauke ba, shi ma sai in na'urar ta ba da matsala, don aikinsa ke nan: shi ke koya wa irin waɗannan na'urori yadda za su yi wa kowane mutum magana daidai da halinsa. Kaka ta daɗe da gane inda aka dosa. Ranar da abin nan ya gyaru, ranar za ta daina jin takun jikanta a matakala. Don haka ta ci alwashin ba zai gyaru ba muddin tana numfashi.

"To, yau kuma me Malam Ladabi ya yi miki?" in ji Kunnuwa, yana sauke jakarsa a kan tebur. Malam Ladabi sunan da ta raɗa wa mutum-mutumin ne.

"Me ne ne bai yi ba? Tsaya ka gani da idonka." Ta juya wajen bango. "Kai, mai kan tukunya. Uwarka injin wanki ce."

Fitilun suka kawo haske. "Ki yi haƙuri, Kaka, idan na ɓata miki rai. Akwai abin da zan gyara?"

"Ka ji ko? Na zage shi har uwa, yana ba ni haƙuri. Jiya na ce masa ya fi tsohuwar buta muni, ya ce ya gode da na faɗa masa ra'ayina. Wannan ai cin fuska ne. Ka zauna da mutum wata da watanni, ka tsokane shi ya ce ya gode? Baƙo ke yin haka."

"Ladabi ake kiransa. Abin da aka manta ba a ba ki ba ranar da ake rabo."

"An ba ni. Sayarwa na yi na saya wa ubanka wando."

Kunnuwa ya zaro kwamfutarsa, ya jona ta da bayan mutum-mutumin, ya gyara zama irin na mai shirin cika baki.

"Kin san irin mutanen da na daidaita wa abin nan? Akwai wani tsohon direba, shi umarni kawai ya iya: kawo, kai, tsaya. In na'urar ta ce masa ina kwana, sai ya ce wa ya tambaye ta. Na rage mata baki, yanzu 'to' kawai take cewa, suna zaune lafiya. Akwai wata malamar makaranta da ta yi ritaya, ita kuma sai ta gaishe da mutum-mutumin, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali. Ya ce mata shi ba shi da kowa a duniya, baiwar Allah ta fashe da kuka don tausayi. Na koya masa ya ce kowa lafiya, ya mayar mata da tambayar. Akwai wanda ba ya buɗe baki sam, da sanda yake nuni. Akwai yara a asibiti, su sai sun rangwashe shi a ka su ga ko zai ji zafi. Na koya masa cewa wayyo, su yi ta ƙyalƙyala dariya har su manta da allura. Kowa na samo masa bakin da ya dace da kunnensa."

"Kai da ka kwashe kunnuwan dangi kaf, ai dole ka san na mutane."

"Ke kaɗai kika gagare ni. Na sa shi yawan hira, kika ce ya cika ki da surutu kamar rediyon mai aski. Na rage, kika ce girman kai gare shi. Na ɗaga masa murya, kika ce yana miki tsawa a gidanki. Na sassauta, kika ce raɗa yake yi irin ta magulmata."

"Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Bari mu tambaye shi. Malam Ladabi, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Huɗu," in ji na'urar.

Kunnuwa ya waiga hagu da dama, har ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Huɗu? Amarya, maza kike ɓoye min?"

"Uku na ɓoye, kuma duk sun fi ka kyan gani."

"Lissafo min su, Malam."

"Akwai mai tsawa. Tun daga kicin take ba da umarni, in na iso ta ce ba ni ta kira ba. Akwai mai raɗa. Ba na jin abin da take faɗa sai na matso, in na matso ta ce na taka mata ƙafa. Akwai wadda ba ta magana, takan jefe ni da silifa idan lokacin magani ya yi. Akwai kuma…"

"Rufe mana baki, munafuki." Kaka ta fizgo tawul daga hannun kujera ta lulluɓe masa kai. Abin ya yi tsit.

Kunnuwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi a ganinsa rikicin tsufa ne kawai. Yaran nan masu ilimin na'ura haka suke, su ga abin da ke cikin ƙarfe tar, wanda ke gabansu kuma ya wuce su. Bai san tsawar nan sai ta bi ta da ruwan ɗumi don maƙogwaro ba. Bai san wunin da take ɗauka ba ta ce uffan ba shi ya fi mata wuya, ita da ko barci take bakinta na motsi.

"To yau dai ƙarshen wahalata ya zo," in ji shi, yana danne-danne. "Shugabanmu ya ce wannan ne zuwana na ƙarshe. Ya ce kamfani bai ɗauke ni aiki don in riƙa tsallaka gari kakata tana zagina ba. In ya gyaru, shi ke nan. In kuma bai gyaru ba, wani za a turo miki, mai ɗaurin wuya, wanda zai riƙa ce miki ranki ya daɗe."

Hannun Kaka da ke gyara ɗankwali ya tsaya cak.

"Madalla," ta ce. "In huta da ɓarnar sukari."

Bakinta ne kawai ya faɗi haka. Duk tsawar da raɗar da jifan silifa, ashe a banza ta yi su.

"Na ma gano maganinki," Kunnuwa ya ci gaba, ko kallonta bai yi ba. "Ke ba ladabi kike so ba, abokin faɗa kike nema. Na zauna na zuba masa duk tsiyar da na taɓa yi miki tun ina firamare, har da yadda nake jan murya. Gwada shi ki ji." Ya yaye tawul ɗin ya saɓa a kafaɗa.

Kaka ta harari abin. "Kai, mai kan tukunya."

"Na'am, tsohuwa mai ran ƙarfe. Tukunya dai ana girki a cikinta. Naki kan fa, me ake yi da shi?"

Dariya ta kufce mata ba shiri. Muryar ta na'ura ce, amma jan maganar na jikanta ne sak.

"Ka ga ɗan banza. Ni kake faɗa wa haka?"

"Da wa zan faɗa wa? Akwai wata mai haƙori biyu a ɗakin nan?"

"Haƙorana shida ne, maƙaryaci."

"Har da na cikin kofi?"

"Zan sayar da kai ga masu gwangwan, su narka ka su yi cokali."

"Ki sa a yi babba, don na ga yadda kike loma."

Kaka ta tafa hannu, ta kwanta jikin kujera tana dariya har hawaye, tana sharewa da bakin mayafi. Rabon da a rama mata magana haka da zafi-zafi a ɗakin nan ta manta. Kunnuwa ya miƙe ya rusuna wa bango da taga, kamar wanda jama'a ke yi wa tafi.

"Ya gyaru," ya ce. "A rubuta a tarihi, na yi maganin tsohuwa."

Ya zare igiyar kwamfutar ya fara naɗewa a hannu. A nan dariyar Kaka ta maƙale. Ta dubi hannun da ke naɗe igiya, ta dubi jakar da ke buɗe tana jira. Ƙarar motoci ta shigo ta taga, wani yana ta danna oda a ƙasa. Abin ya gyaru, ba ƙarya, har ma ya fi mai shi saurin ramawa. Gobe za a gaya wa 'ya'yanta cewa yanzu har dariya take yi, su ƙara kwantar da hankali.

"Cire," ta ce.

"In cire me?"

"Abin da ka zuba masa. Kwashe kayanka."

"Yanzu fa kike dariya har kina neman faɗowa daga kujera."

"Tari ne ya sarƙe ni."

"Tarin da ake tafa hannu?"

"Na ce ka cire. Wa ya haife shi da zai ce min mai ran ƙarfe? Na goya ubansa? Na wanke masa kashi? Ya taɓa shanye min madara ya ce kyanwa ce? Kai da kake zagina, jinina ne a bakin naka, gadonsa ka ci. Wannan kuwa daga kwali aka zaro shi, ina kallo."

"In na cire kuma ki ce baƙo ne."

"Baƙon ne mana. A bar shi a baƙonsa."

Kunnuwa ya koma ya zauna, ya dafe kai. Wasan ya fara fita daga muryarsa.

"Kaka, wallahi kin fi ƙarfina. Na yi masa ladabi kin ƙi, na yi masa rashin kunya kin ƙi. Me zan je in ce a ofis?" Ya juya ga mutum-mutumin. "Kai, ɗazu huɗu ka ce, uku ka lissafa. Wace ce ta huɗun? Wataƙila da ita ya kamata in daidaita ka."

Kaka ta kai hannu neman tawul, ta tarar yana kafaɗar jikanta.

"Ta huɗun da la'asar take zuwa," in ji na'urar. Wannan karon ba ta ja murya ba, don a cikin tsiyar da aka zuba mata babu wadda ta dace da tambayar. "A bakin taga take zama. Ba ta tsawa, ba ta zagi. Takan ce in saurara ko akwai taku a matakala. In na ce na maƙwabta ne, sai ta ce to. Wani lokaci takan miƙo min wayarta ta ce in duba ko ta lalace. In na ce lafiyarta ƙalau, ba ta sake cewa komai har duhu ya shigo. Ban san amsar da take so ba."

Kaka ta mayar da fuska wajen taga, tana kallon rufin shagunan da ke tsallaken titi kamar yau ta fara ganinsu.

"Ƙarya yake yi," ta ce can. "Wata tsohuwa ce daga hawa na biyu. Takan shigo shan iska."

"Mai kama da ke?"

"Ta fi ni muni."

"Ashe akwai."

Ya faɗa ne kawai don kada wasan ya faɗi ƙasa. Kunya ce ta rufe shi, da tausayi. Shi da ya samo wa direba baki, ya samo wa malama, ya samo wa mai sanda, ga tambayar da ba na'urar da za a koya wa amsarta. Ya warware igiyar da ya naɗe, ya sake jonawa, ya daɗe yana danne-danne kansa a sunkuye.

"Na kwashe," ya ce. "Ya koma Malam Ladabinsa."

"Madalla."

"Kawo hannunki."

"Zobe za ka sa min? Ka makara, manema sun yi layi."

"Layin karɓar magani dai. Kawo."

Ya kama yatsarta, sanyi ƙalau, ba nauyi, ya kai ta ƙarƙashin haɓar mutum-mutumin. Akwai wani ɗan maɓalli a wurin da ba ta taɓa lura da shi ba.

"Kin ji shi? Na kiran masu gyara ne. Na karkatar da shi, yanzu ba ofis zai buga ba, wayata zai buga. In tsohuwar nan ta hawa na biyu ta sake shigowa, ki ce ta danna. Ba sai ta yi tsawa ta shaƙe ba, ba sai ta jefi kowa da silifa ba."

"In ta danna fa?"

"In da hali in zo. In ba hali in kira ta in zage ta da bakina har sai ta ƙoshi."

"Shugaban naku fa, mai hana mutane zumunci?"

"Shi da rana yake da iko. Yamma tawa ce."

Kaka ta zare hannunta ta ɓoye a cikin mayafi. "Zan faɗa mata. Amma ita ba ta cika yarda da maganar masu manyan kunnuwa ba. Ta ce abin da ya shiga ta nan, fili ya ishe shi ya fita ta can."

"Ki ce mata ita ma ta rage muni, ko a samu mai leƙo ta."

Ya rufe kwamfutar, ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Na tafi, amarya. Kada ki mutu ban nan, ba ni da lokacin zaman makoki a makon nan."

"Ni zan binne ka, in sa a haƙa rami mai faɗi saboda kunnuwa. Ja min ƙofar."

Ya ja. Ta zauna tana jin takunsa yana sauka, hawa na uku, hawa na biyu, yana raguwa kamar kullum. Ta dubi Malam Ladabi, shi ma ya dube ta da fitilunsa.

Kunnuwa ya kai ƙofar fita ke nan, har ya sa ƙafa ɗaya a titi, wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Ya ɗan tsaya, mutane na ratsa shi ta gefe. Sai ya juya ya sake kama matakala, ya iso sama yana haki.

"Me kuma ya lalace?"

Kaka tana zaune inda ya bar ta, ta harɗe hannuwa, fuska a ɗaure kamar ba ita ba.

"Ba komai. Gwadawa na yi. Kakanka ma haka ya ce min duk sanda na kira zai amsa, ga shi yau shekara nawa ina kira."

Kunnuwa ya buɗe baki zai rama, ya laluba duk tsiyar da ya tara tun yana firamare, bai samu ko ɗaya ba. Ya yi dariya, idonsa ya ciko, ya sauke jakar daga kafaɗa ya jingine ta a bayan ƙofa.

"Kin ci wasan, tsohuwa," ya ce. "Matsa min in zauna."